Yadda Matafiyi Zai Samu Intanet A Zango

Ƙasar Illela ƙasa ce ta matafiya. Babbar hanyar da ta taso daga Sakkwato ta ratsa Kware da Gwadabawa, a Illela take kaiwa bakin iyaka. Daga nan sai Birnin Ƙonni ta Jamhuriyar Nijar. Duk ranar Lahadi kasuwar Illela takan cika da shanu da raƙuma da tumaki da awaki. Manyan motoci sukan ɗebi dabbobi da albasa su nufi kudu, wasu har Legas.

Mutanen Lafani da Araba da Kalmalo da Gidan Hamma da yawa da wannan zirga-zirga suke ci. Akwai direbobi da yaran mota. Akwai dillalan dabbobi da fataken albasa. Akwai kuma makiyaya masu bin ciyawa, su yi arewa da damina, su gangaro kudu da rani. Duk waɗannan mutane sukan kwana inda dare ya yi musu: cikin mota, ko gindin mota, ko kara, ko ruga.

A da, guzurin matafiyi bai wuce gari da ƙuli-ƙuli da goran ruwa ba. Yau an ƙara abu ɗaya, wato wayar hannu. Ta waya ake jin farashin kasuwa. Ta waya ake aika hoton sa ga mai saye. Ta waya kuɗi ke shigowa banki, ta nan ake jin labarin hanya da lafiyar iyali. Mutum na iya sayar da sa na dubban ɗaruruwan naira, ya rasa yadda zai tabbatar kuɗinsa sun shigo, saboda kawai babu intanet inda yake tsaye.

An ga muhimmancin wannan abu lokacin da aka rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, da kuma daga Agustan 2023 zuwa Maris na 2024. Motoci sun yi jerin gwano a Illela. Direbobi sun daɗe zaune gindin motocinsu, waya ce kaɗai ke haɗa su da masu kaya da iyalansu.

Mutane da yawa suna zaton samun intanet a daji sa'a ce. Alhali yawancinsa sanin wuri ne da kyakkyawan shiri. Ga bayanin abin da ya kamata matafiyi ya sani.

Daga Ina Sabis Yake Zuwa?

Wayar hannu irin ta yanzu ta fara aiki a Nijeriya cikin watan Agusta na 2001. Tun daga lokacin kamfanoni suke kafa dogayen ƙarafa a garuruwa da bakin manyan hanyoyi. Su ne ake kira ƙarfen sabis. A saman kowane ƙarfe akwai na'urori masu aika saƙo ta iska, kamar yadda gidan rediyo yake yi. Bambancin shi ne, rediyo saurare kawai yake yi, ita kuwa waya tana saurare tana kuma mayar da amsa.

To, muryar ƙarfe babba ce, muryar waya ƙarama ce. Kamar mutum biyu ne a gona, ɗaya yana da lasifika, ɗaya ba ya da ita. Idan suka yi nisa da juna, mai lasifika za a ji shi, amma shi ba zai ji ɗan'uwansa ba. Shi ya sa wani lokaci waya take nuna akwai sabis, amma saƙo ya ƙi tafiya.

Abubuwa huɗu ne suke rage ƙarfin sabis. Na farko nisa. Na biyu abin da ya tare tsakani, kamar tudu ko dutse ko katangar ƙasa mai kauri ko duhuwar itatuwa. Na uku ƙarfe, kamar kwanon rufi da bodin mota. Na huɗu cunkoso, wato mutane su yi wa ƙarfe ɗaya yawa. Ƙarfen sabis kamar rijiya ne. Idan masu guga suka yi yawa, kowa kaɗan zai samu. Wannan ne dalilin da ya sa intanet ke nauyi ranar kasuwa, ko da mutum yana tsakiyar gari.

A Koyi Karanta Fuskar Waya

A can saman fuskar waya akwai 'yan sanduna a jere, ƙarami zuwa babba. Su ke nuna ƙarfin sabis. Kusa da su akwai harafi. Wannan harafi shi ke faɗin irin intanet ɗin da waya ta kama.

Idan harafin E ne, intanet ɗin mai rauni ne. Zai iya kai rubutaccen saƙo, amma hoto sai da haƙuri. Idan H ne ko H+ ko 3G, ya fi na farko. Hoto da saƙon murya za su tafi. Idan 4G ne ko LTE, shi ne mai sauri, ana iya kiran bidiyo da shi. Akwai kuma 5G da kamfanin MTN ya fara kawowa a 2022, amma shi na manyan birane ne.

Sau da yawa sanda biyu da 4G sun fi sanduna huɗu da E amfani. Don haka kada mutum ya tsaya ga ƙirga sanduna, ya duba harafin ma. Nan ne wanda ya shiga ajin yaƙi da jahilci zai ga ribar karatunsa, domin shi da kansa zai karanta, ba sai ya miƙa wa wani wayarsa ba.

Zaɓen Wurin Zango

Dabarar da ta fi kowace arha ita ce zaɓen wuri. Ba ta cin ko kwabo.

Direba ya lura da ƙarafan sabis da ke bakin hanyar da ya saba bi. Idan akwai hali, ya yi zango a garin da ke da ƙarfe, ko inda ana hango ƙarfen. Makiyayi kuma ya tambayi mutanen gari. Kusan kowane ƙauye yana da wurin da aka sani da sabis, ko wani tudu, ko gindin wata bishiya, ko bayan makaranta.

Tudu ya fi kwari. Fili ya fi duhuwa. Fadama tana da daɗin sauka saboda ruwa da inuwa, amma yawanci ƙasa-ƙasa take, sabis kan wuce ta sama. Wani lokaci matsawa taku ashirin kawai kan canza E ya koma 4G.

Cikin mota kuwa shi ne wuri mafi muni. Bodin mota ƙarfe ne, yana tare sabis. Wanda ya kwanta ƙarƙashin tirela ya rufe kansa da ƙarfe ta sama. Idan za a aika saƙo, a fito fili, ko a ɗora wayar kusa da gilashin da ke kallon gari. Tsayawa a kan bodin mota, tana tsaye cik, yakan ƙara ƙarfin sabis saboda tsawo.

Idan an sauya wuri amma waya ba ta canza ba, a taɓa alamar jirgin sama da ke cikin waya. A jira kamar rabin minti, sannan a sake taɓa ta. Yin haka yana sa waya ta saki ƙarfen da take riƙe da shi, ta nemi wanda ya fi kusa. Kashe waya a sake kunnawa ma yana yin wannan aiki.

Lokaci ma yana da nasa. Da tsakar dare da bayan sallar asuba mutane ba su da yawa a kan layi. Mai son aika bidiyon dabbobi ko hotuna masu yawa ya bari sai wannan lokaci.

Matsalar Bakin Iyaka

Mutanen Lafani da sauran garuruwan iyaka suna da wata matsala da mutanen Sakkwato ba su da ita. Iska ba ta san iyaka ba. Sabis ɗin Nijar yana shigowa Nijeriya, na Nijeriya ma yana shiga Nijar. Waya kuwa ita dai mai ƙarfi take bi. Idan layin mutum a buɗe yake ga ƙasashen waje, wayarsa na iya kama ƙarfen Ƙonni alhali yana zaune a ƙasarsu.

Wannan shi ake kira romin, wato layi ya zama baƙo a kan ƙarfen wani kamfani na wata ƙasa. Baƙo kuwa kuɗin baƙo ake cajinsa. Galibi datar da aka saya a gida ba ta aiki a can, sai a riƙa cire kuɗi daga katin waya da tsada. Mutum zai sa kati da safe, kafin azahar ya ga babu komai, ya ce an yi masa sata.

Ana gane romin ta hanya biyu. Harafin R kan fito kusa da sanduna. Sunan kamfani ma kan canza. Kamfanonin Nijar su ne Airtel da Moov da Zamani da Niger Telecoms. Zamani shi ne wanda a da ake kira Orange. A lura, akwai Airtel a Nijeriya, akwai Airtel a Nijar. Sunan ɗaya ne, amma lissafin kuɗin kowace ƙasa daban yake.

Maganin abin guda biyu ne. Na farko, a shiga saitin waya a kashe datar romin. Na biyu, a hana waya zaɓar kamfani da kanta, a zaɓa mata da hannu. Idan an yi haka za ta tsaya kan kamfanin gida, ko da na maƙwabta ya fi ƙarfi. Wanda bai iya ba, masu gyaran waya a kasuwar Illela za su yi masa cikin 'yan mintoci. Ya tsaya a yi a gabansa, ya koya.

Shi kuwa wanda yake yawan ƙetarawa Ƙonni ko Galmi ko Madawa ko Tawa, abin da ya fi masa sauƙi shi ne ya mallaki layin Nijar na kansa. Can ma da takardar shaida ake yi wa layi rajista. Lambobin Nijar da 227 ake fara kiransu daga waje, na Nijeriya kuma da 234.

Layi Biyu Sun Fi Ɗaya

Babu kamfanin da ya mamaye ko'ina. A wani gari MTN ne ke da ƙarfi, a wani Airtel, a wani Glo. Yawancin wayoyin yanzu suna ɗaukar layi biyu. Ya kamata matafiyi ya sa layukan kamfanoni biyu daban-daban. Kafin ya sayi data mai yawa, ya tambayi direbobin da suka saba bin hanyar wane layi ne ke aiki a can.

A tabbata layin da wayar duk suna iya ɗaukar 4G. Tsohon sim na iya hana sabuwar waya kama 4G. Ana canza shi a ofishin kamfani ba tare da an rasa lamba ba.

Tun Disambar 2020 gwamnati ta wajabta haɗa kowane layi da lambar ɗan ƙasa ta NIN. A 2024 an rufe layuka masu yawa da ba a haɗa ba. Don haka kada a sayi layin da aka riga aka yi wa rajista da sunan wani. Ran da aka rufe shi, ko waya ta ɓace, ba za a iya dawo da shi ba. Idan kuma an taɓa aikata laifi da shi, mai riƙe da shi ne zai sha tambaya.

Layin da aka ajiye watanni ba a taɓa ba, kamfani na iya rufe shi, daga baya ya ba wani lambar. Wannan haɗari ne ga wanda asusun bankinsa ke kan layin. A riƙa sa masa kati ana kira da shi lokaci-lokaci.

Na'urorin Da Ke Taimakawa

Akwai wata 'yar na'ura da ba ta kai tafin hannu ba, ana kiranta MiFi. Ana sa mata sim, tana da batirinta. Ita ke kamo intanet daga ƙarfe, sannan ta raba wa wayoyin da ke kusa ta hanyar Wi-Fi. Tana iya ɗaukar wayoyi kamar 10.

Amfaninta a zango shi ne ana iya ɗaga ta sama. A sa ta cikin 'yar jakar yadi, a ɗaure a kan doguwar gora, a kafa jikin mota ko reshen bishiya. Ita tana sama tana kamo sabis, mutane suna ƙasa a inuwa suna amfani da wayoyinsu. Sai dai kada a yi nisa da ita fiye da taku goma zuwa goma sha biyar. Wanda ba ya da MiFi, tsohuwar wayar Android ma tana yin wannan aiki idan an kunna mata hotsifot.

Sama da MiFi akwai rauta. Ta fi girma, ta fi kamo sabis, wasu ana iya haɗa musu eriyar waje. Irin wannan eriya sai an juya ta ta fuskanci ƙarfen sabis, kamar yadda ake juya eriyar talabijin. Rauta ta dace da ayarin motoci, ko ƙungiyar dillalai a kara. Sai a yi karo-karo a saya, a raba kuɗin data.

A nan akwai gargaɗi guda uku. Kada a bar na'ura cikin rana, domin zafi yana kumbura batir, har ya iya kama wuta. Kada a kafa gora ko ƙarfe kusa da wayar lantarki. Idan hadari ya taso a sauke komai, saboda tsawa abu mai tsawo take faɗa wa.

Akwai kuma na'urar da ake tallatawa da sunan busta, wai tana ƙara ƙarfin sabis. Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, wato NCC, ta hana mutane sayarwa da kafa ta ba da izini ba. Dalili shi ne tana dagula sabis ɗin maƙwabta. Kamfanonin waya ne kaɗai ke da ikon kafa irinta. A kuma sani, duk waɗannan na'urori ƙara abin da ke akwai suke yi. Inda babu sabis ko kaɗan, ba za su ƙirƙiro shi ba.

Caji

Intanet ba ya amfani idan waya ta mutu. Inda sabis ke da rauni, waya takan yi ta fama tana neman ƙarfe, sai caji ya ƙare da wuri. Idan an shiga dajin da babu sabis, a kunna alamar jirgin sama har sai an fito.

Batirin ƙaramar mota bolt 12 ne. Na yawancin manyan motoci bolt 24 ne. Waya kuwa kamar bolt 5 take sha. Saboda haka dole a yi amfani da cajar mota, kuma a karanta jikinta a ga ko an rubuta tana ɗaukar 24. Haɗa waya da batirin mota kai tsaye yana ƙona ta. Kada kuma a kwana ana jan wuta daga batirin mota tana kashe, don kada ta ƙi tashi da safe.

Fawa banki abokin tafiya ne. Mai lamba 10,000 yakan cika babbar waya sau ɗaya da rabi ko kusa da biyu. Mai 20,000 kuma kamar sau uku. Akwai na jabu da yawa a kasuwa, masu babbar lamba da ƙaramin aiki. Araha ba ta ado.

Ga makiyayi, ƙaramin faifan sola mai wat 10 zuwa 20 ya isa cajin waya. Dabarar ita ce a caja fawa banki da rana, shi kuma ya caja waya da dare. Faifan ne ake sa wa a rana, fawa bankin a inuwa. Lokacin hunturu a riƙa share ƙurar da ke kan faifan, domin ƙura tana rage masa ƙarfi.

Tattalin Data

A Janairun 2025 hukumar NCC ta amince kamfanoni su ƙara kuɗin kira da na data har kashi 50 cikin 100. Don haka data ta zama abin tattali.

Ana auna data da MB da GB. GB 1 kamar MB 1,000 ne. Rubutaccen saƙo kusan ba ya cin komai. Saƙon murya na minti ɗaya a WhatsApp bai kai MB 1 ba. Amma kallon bidiyo na awa ɗaya na iya cinye ɗaruruwan MB. Bidiyo shi ne gara mai cinye rumbu.

A hana WhatsApp sauke hotuna da bidiyo da kansa. A hana waya sabunta manhajoji sai an ba ta izini. Mai shiga Facebook ya yi amfani da Facebook Lite, wanda aka yi domin wuraren da intanet ke da rauni. Idan sabis ya yi ƙasa, saƙon murya ya fi kira, domin zai jira ya tafi da kansa da zarar sabis ya dawo. Direba ya sauke taswirar hanyarsa a Google Maps tun yana gari, za ta yi aiki ko babu intanet. In an gama amfani, a kashe data.

Tun 2023 kamfanonin Nijeriya duk lambobi iri ɗaya suke amfani da su. *310# duba kuɗin kati. *311* da lambar kati, sa kati. *312# sayen data. *323# duba sauran data. A rubuta su a takarda a ajiye.

Idan Babu Intanet Sam

Wani lokaci duk dabara ba ta aiki. A Satumbar 2021 an rufe sabis a Jihar Zamfara da ƙananan hukumomi 14 cikin 23 na Jihar Sakkwato saboda matsalar tsaro. Wani lokaci kuma man injin ƙarfen ne ke ƙarewa, ko a yanke wayar da ke ƙarƙashin ƙasa.

Idan akwai ko sanda ɗaya, kira da tes suna iya tafiya. Kowane banki yana da lambarsa mai farawa da tauraro ta ƙare da alamar tsani. Da ita ana duba asusu, ana tura kuɗi, ko da ƙaramar waya ce, ba a buƙatar intanet. Akwai ɗan kuɗin da ake cirewa. Mutane da yawa sun koyi wannan hanya lokacin ƙarancin takardun naira a farkon 2023.

Mai sayar da dabba ya kula da wannan sosai. Saƙon alat ana iya ƙirƙirarsa na ƙarya. Hoton rasit ma haka. Kada a saki igiya sai mutum ya duba asusunsa da kansa ya ga kuɗi sun ƙaru. Idan sabis ya hana, a yi haƙuri a je inda yake tare da mai sayen.

Lambar neman agajin gaggawa a Nijeriya ita ce 112. Ta Hukumar Kiyaye Haɗurra kuma 122.

Intanet Daga Tauraron Ɗan'adam

Wannan matsala ba ta mutanen iyaka ce kaɗai ba. A Amurka da Turai akwai masu tafiya cikin motocin da aka yi wa ɗaki, da gado da murhu a ciki. Sukan yi zango a daji ko bakin teku kwana da kwanaki. Su ma da rashin sabis suke fama, kuma dabarunsu su ne waɗannan: layi biyu, eriya a saman mota, da faifan sola.

A 2022 kamfanin SpaceX na Amurka ya fito musu da tsarin Starlink na matafiya. Starlink ba ya buƙatar ƙarfen sabis. Wani faifai ne ake ajiyewa a fili, yana magana da taurarin ɗan'adam da ke yawo kamar kilomita 550 sama da ƙasa. Ya fara aiki a Nijeriya cikin Janairun 2023, ita ce ƙasa ta farko a Afirka. A Nijar kuma ya fara a 2025.

Yana da sauri, kuma yana aiki a tsakiyar daji. Amma faifan kansa dubban ɗaruruwan naira ne, ga kuɗin wata-wata. Tsarin gida daban, na matafiya daban, kuma na matafiya ya fi tsada. Yana buƙatar wuta mai ɗorewa da sararin da babu reshe. Ruwan sama mai ƙarfi na iya katse shi. Saboda haka ya fi dacewa da ƙungiya ko kamfanin motoci ko asibitin karkara. Wanda zai saya ya saya ta halaltacciyar hanya, ya riƙe takardunsa, domin jami'an tsaro suna sa ido a kan irin waɗannan na'urori a yankunan iyaka.

Tsaron Kai Da Na Dukiya

Rai ya fi saƙo. Kada neman sabis ya sa mutum ya bar ayari ya hau tudu shi kaɗai da dare. Kada a sanya hoton kaya ko wurin kwana a Facebook ko TikTok ana cikin tafiya, domin ba a san wanda ke kallo ba. Iyali da mai kaya kaɗai ya kamata su san inda aka sauka.

A sa wa waya makulli. A sa wa MiFi da hotsifot kalmar sirri, don kada baƙi su shanye data. Lambar sirrin banki da lambar da banki ke turowa ta tes ba a faɗa wa kowa, ko da ya ce daga banki yake. Idan za a kai waya shagon caji, a cire layin banki a riƙe. Direba kuma kada ya taɓa waya yana tuƙi. Laifi ne a doka, kuma yana jawo asarar rayuka.

Inda Ake Kai Kuka

Idan an cire wa mutum kuɗi ba dalili, ko data ta ɓace, ya fara kiran kamfaninsa a lamba 300. Ya nemi lambar shaidar ƙorafinsa ya rubuta. Idan ba a share masa hawaye ba, ya kira hukumar NCC a 622. Kiran kyauta ne. Garin da ba ya da sabis kuwa, jama'a na iya haɗuwa ta hannun hakimi da kansila da shugaban ƙaramar hukuma su rubuta wa kamfanoni da hukumar takarda. Kukan jama'a ya fi na mutum ɗaya isa.

Kafin A Tashi

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kwana ɗaya kafin a bar gida, a duba waɗannan abubuwa:

1. Layi biyu na kamfanoni daban-daban, da sunan mai su.
2. An kashe datar romin.
3. An sayi data, an bar kuɗin kira.
4. Waya da fawa banki sun cika, caja tana cikin jaka.
5. An rubuta muhimman lambobi a takarda, saboda ɓacin rana.
6. An gaya wa iyali hanyar da za a bi, da garuruwan da za a kira su daga can.

Na shidan nan yana da muhimmanci. Idan iyali sun san cewa tsakanin gari kaza da gari kaza babu sabis, hankalinsu ba zai tashi ba don sun ji shiru na yini ɗaya.

Ana roƙon waɗanda suka karanta wannan bayani su karanta wa 'yan'uwansu a tasha da kara da ruga. Malaman ajin yaƙi da jahilci ma za su iya koya wa ɗalibai haruffan E da H da R da lambobin da aka kawo a sama, kowa da wayarsa a hannu. Allah ya kai matafiya gida lafiya, ya sa albarka a nema, amin.